Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Motar Faisal

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa, "Zuwaira ki ji tsoron Allah, namiji mai mota V8 yana bin ki kina yanga," to yau ku gyara zama. Ban ce ku yarda da ni ba. Ku dai karanta, wadda ta gama kuma har yanzu take son shi, ta ba ni lambarta in tura masa.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: shekarata ashirin da huɗu, a Arlit aka haife ni, amma iyayena Damagarawa ne. Babana, Malam Zayyadu, ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran motoci a kamfanin ma'adinai na Akokan, sannan ya buɗe ɗan garajinsa a ƙofar gidanmu, har yanar ido ta rufe masa gani. A garajin nan na tashi. Lokacin da sa'o'ina ke wasan ƴar tsana, ni ina miƙa wa Baba kile, wato sufana. Yanzu sana'ata dillancin motoci ta salula: in ɗauki hoto, in saka a gurup-gurup, in haɗa mai saye da mai sayarwa, in karɓi la'adata. Da ita muke cin tuwo a gidan nan, ko da yake ba mai son faɗa.

Shi kuwa Faisal, wata huɗu ke nan yana zarya. Ya je wajen haƙar zinariya a Cibarakaten da takalmin roba, Allah ya kashe ya ba shi, ya dawo da haƙorin Makka da salula uku. Amma ba shi mutane ke kallo ba, motarsa suke kallo.

Bari in kwatanta muku ita. Baƙa ce wuluk, an ɗaga ta sama har sai mace ta tattare zani kafin ta hau. A gaba an garƙama mata wani ƙaton ƙarfe kamar ƙofar gidan kaso, a jikinsa ga injin ja mai igiyar ƙarfe, wanda na rantse ko akuya bai taɓa ja ba. Fitilu takwas a jere kan rufi, huɗu a ƙasa. Bututun shaƙar iska ya bi gefen gilashi ya hau sama, wai don ratsa kogi. Kogi, jama'a! A Arlit! Tankin gazuwal biyu, tayoyin ajiya biyu a baya, da tsani, da firigo na sanyaya lemo tsakanin kujeru. Kujerun na jar fata ne, kowace an ɗinka mata FAISAL da zare ruwan zinariya, don kada wanda ya zauna ya manta a kan wa yake zaune. A gilashin baya an rubuta ZAKIN TENERE. Odar ma ba irin ta mutane ba ce, gurnani take yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar gurnanin ya tashi a ƙofar gida. Inna tana tankaɗe, ta saki rariya.

"Zuwaira! Tashi, ga shi nan. Ki cire wannan tsumman, ki sa lafayar nan mai ruwan hoda."

"Inna, ai ni ya zo gani, ba lafaya ba."

"Wallahi yarinyar nan bakinki zai kai ki inda ba ki zata ba."

Na zura hijabina na cikin gida, mai ɗigon man inji a gefe, na fita. Yana zaune a zaure kan tabarmar da Inna ba ta shimfiɗa wa kowa sai shi, cikin farin bazen da ya sha sitaci har yana ƙara in ya motsa. Ya jera salulansa uku a gabansa kamar mai talla. Turarensa ya kori ƙudajen zauren gaba ɗaya.

"Ma sheri," ya ce, ya buɗe baki yadda haƙorin zai samu haske. "Yau da maganar kasuwa na zo. Zan sayar da Zaki."

Na ce, "To."

"To kawai? Ba ki tambayi dalili ba?"

"Motarka ce."

"Sabuwa zan ɗauko daga Kotonu, fara, kafin bikinmu. Wala!"

A zuciyata na ce bikin wa? Ni dai ban san an sa mini rana ba. A fili kuwa na tambaye shi nawa yake so.

"Miliyan ashirin da biyar. Kayan da na ɗora mata kaɗai sun ci tara. Ki rubuta kilomita dubu tamanin da shida, ba ta taɓa hatsari ba, mai ita mutum ɗaya ne, kuma babban mutum." Ya ajiye mini makulli. "Zan bar ta nan, masu saye su gan ta. Sharaɗi ɗaya: ba a hawa da ita kan ramin duba ƙarƙashin mota. Ba na son ƴan garaji su shafa mata dauɗa."

Na dubi makullin, na dube shi. Duk mai mota da ya ce kada a leƙa ƙarƙashinta, ya riga ya gaya maka rabin labari. Amma na karɓi makullin. La'adar miliyan ashirin da biyar ba abin wasa ba ce, kuma likita ya ce idon Baba zai iya buɗewa in an yi masa aiki a Yamai. Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan tunanin ne ya rufe mini baki.

Washegari na ɗauki hotuna na saka. Kafin azahar salulata ta ɗauki zafi.

"Madam, miliyan shida kash, yanzu-yanzu."

"A cire sunan Faisal ɗin, nawa za a rage?"

"Ita mai tallar tana cikin kayan motar?"

Wannan na toshe shi. Wani ɗan Anu Araren ya aiko vokal, saƙon murya na minti huɗu, yana ba ni labarin motar kawunsa. Shi ma Faisal bai bar ni na huta ba: "Ma sheri, mutum nawa suka kira? Ki ce musu wani babban soja yana so, su yi sauri."

Sai ranar Talata wani ya kira da murya a kwance. Ya ce sunansa Amumun, daga Dannet, yana iya zuwa ya gani?

Da hantsi suka iso cikin wata tsohuwar pikop da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Dogo ne siriri, da baƙin rawani ya rufe rabin fuska, ba zai wuce shekara talatin ba. Tare da shi wata mace da ta manyanta, ta yafa baƙin mayafi mai sheƙi, hannayenta sun rine da shuni. Ya ce yayarsa ce, Dassin, ita ce ungozomar rugagensu. Pikop ɗin ta wani ɗan kasuwa ce da yake yi wa tuƙi, aro ya yi.

Amumun ya zagaya motar sau biyu. Bai kalli fitilu ba, bai kalli firigo ba. Tayoyi ya duba, ya leƙa baya ya auna da hannu.

"In an cire kujeran baya, katifa yana shiga?" ya tambaya.

Na ce, "Katifa? Ta me?"

Dassin ce ta amsa, da Hausarta ta mutanen daji. "Na mace mai naƙuda. Daga wurinmu zuwa likita na Arlit, in babu mota, kwana ne. Bara ƴar wana ya mutu a hanya, a kan moto mai ƙafa biyu, an ɗaure shi da rawani a bayan mijinsa. Shi da jariri duka." Ta faɗe shi ba kuka, kamar wadda ta gaji da faɗa. "Shi ya sa mutane suka sayar da raƙuma. Ruga bakwai. An ce mu samo mota mai ƙarfi, wanda ba ya tsayawa a rairayi."

Miliyan ashirin da biyu suka tara. Na kira Faisal a gabansu, ina jiran ya yi ta kumfar baki. Ko ja bai yi ba.

"Sallama! Su kawo kuɗi ranar Alhamis."

Mutumin da ke rigima da mai shayi a kan dala biyar ya sauke miliyan uku cikin numfashi ɗaya. 

Bayan sun tafi na tsaya daga nesa na ƙare wa Zaki kallo, irin kallon da Baba ya koya mini. Ta ɗan karkata hagu, kaɗan ƙwarai, sai wanda ya sani. Tayar baya ta cinye ta ciki. Na buɗe ƙofa na duba abin taka birki: robar ta suɗe har ƙarfe ya fito. Kilomita dubu tamanin da shida ba sa cin roba haka, ko da ƙafar jaki ake takawa.

Laraba da safe, Inna ta tafi kasuwa, na ɗauko tsohuwar rigar aikin Baba, shuɗiyar nan ta kamfani, na naɗe hannuwanta. Na tayar da motar na hau da ita kan ramin garajin Baba. Baba yana zaune a bencinsa yana jan carbi, ya karkata kai.

"Wa ya ce ki hau da ita?"

"Ba kowa, Baba."

"Madalla. Ɗauki tocila da ƙaramar guduma."

Na sauka. Daga gaba komai lafiya, injin ma ba laifi. Da na iso wajen tayoyin baya sai na ga shasi, wato ƙashin bayan motar, ya sha baƙin fenti mai kauri, sabo fil, alhali ko'ina ƙura ce da tsatsa. Na ɗan buga da guduma a gaba: ƙarfe ya amsa, tas. Na buga wurin fentin: ɗuf, kamar an bugi ɗanyen bulo.

"Sake bugawa," in ji Baba daga sama.

Na sake.

"Kankare."

Na sa kan sukurdireba na kankare. Mastik, ƙullin da ake cike tsaga da shi, ya dinga zubowa kamar garin rogo. A ƙarƙashinsa ga tsaga, ta ratsa ƙarfen daga sama har ƙasa, an ɗiɗɗiga mata walda irin ta mai gyaran kujera, waldar ma ta soma buɗewa. Na juya ɗaya gefen. Haka. Motar nan ta taɓa karyewa gida biyu, aka lallaɓa ta, aka shafe, aka kuma ɗora mata tanki na biyu da tayoyi da tsani a daidai inda ta karye.

Na fito na gaya wa Baba. Ya ajiye carbi.

"A kan kwalta, ba kaya, tana iya kai shekara," ya ce. "A hanyar daji, da nauyi, ba ta da rana. In ta tashi karyewa ba za ta yi sallama ba. Baya zai rabu da gaba, ta kife."

Na zauna a bakin ramin, hannuna baƙi ƙirin, na kira Faisal.

"Na shiga ƙarƙashin motarka."

Ya yi dariya. "Ma sheri, ke fa ba kya jin magana. Ɗan tabo ne. Wani dutse na hau a Cibarakaten, an gyara."

"Ba a gyara ba, an ɓoye. Ka san abin da za su ɗauka a cikinta?"

"Ina ruwana da abin da za su ɗauka? Mutanen daji ne, me suka sani a mota? Raƙumi ma yana karyewa. Ji nan, miliyan biyu naki ne, ban da la'ada. Ki kai tsoho Yamai a buɗe masa ido. Ki mayar da fentin yadda kika gan shi."

Ƴan uwa, na sha raina maza a rayuwata, amma ranar na san raini yana da gindi, don na taɓo shi. Na kashe wayar.

Bai tsaya nan ba, ya kira Yaya Habibullahi. Yayana ke nan, wanda ya yi shekara tara yana tuƙa manyan injuna a ƙarƙashin ƙasa a Akokan. Tun da aka rufe ramin a 2021 bai sake samun aiki tsayayye ba. Mata ɗaya, ƴaƴa uku, ɗaki ɗaya a cikin gidanmu. Faisal ya daɗe yana yi masa alkawarin tuƙi, kullum "wata mai zuwa".

Ina wanke hannu da omo a bakin famfo ya shigo kamar an jefo shi, Inna na biye da kwandon cefane.

"Ke wace irin yarinya ce? Wa ya aike ki?"

"Yaya, shasin a karye yake."

"Ke injiniya ce? Ni na tuƙa injin da ya fi gidan nan girma. Walda ai walda ce, ƙarfe in an ɗinke shi ya fi sabo ƙarfi."

"Sauka ka gani da idonka."

"Ba zan sauka ba! Ke dai ba kya son mutumin nan, shi ne kike nema masa aibu."

Inna ta dire kwando. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Murya ta sassauta.

"Zuwaira, ki rufa mana asiri. Duk unguwar nan an san motar wa ke tsayawa a ƙofarmu. Ɗan uwanki shekara nawa yana zaune? Ubanki ko fuskar jikokinsa bai sani ba. Ke ba ke kika karya ta ba, ba ke kika shafe ta ba. Dillali ai ba ya rantsuwa. Ki yi shiru kawai, shiru ba ƙarya ba ne."

Na dubi bencin Baba, ina jiran ya ce wani abu. Ya ci gaba da jan carbinsa. Daga baya, da na kai masa abinci, ya riƙe hannuna ya ce, "Idon nan na saba da shi haka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Alhamis ta zo. Faisal ya riga kowa isowa, cikin bazen ruwan sararin samaniya da baƙin tabarau. Ya leƙa ƙarƙashin motar a fakaice. Na riga na sauke ta daga rami tun jiya, don haka ya yi murmushi ya kashe mini ido. Yaya Habibullahi ya shimfiɗa tabarma a inuwar garaji yana dafa shayi da kansa, har da sabuwar hula. Inna tana bayan ƙofa, ina hango gefen mayafinta.

Amumun da Dassin suka iso da wani dattijo mai farin rawani, da jakar fata da aka ɗaure bakinta da tsirkiya. Aka gaisa, aka sha shayin farko. Faisal ya tashi yana nuna kaya: ya kunna fitilu da rana tsaka, ya danna oda ta yi gurnani, ya buɗe firigo ya fiddo lemo mai sanyi ya miƙa wa dattijon.

"Baba, wannan mota ko Aljeriya ka nufa ba ta tari. Wallahi don dai ku ne."

Dattijon ya soma kwance bakin jaka.

Makulli yana hannuna har lokacin. Na tashi, da lafayata mai ruwan hoda, wadda Inna ta tilasta mini sawa, na shiga motar na tayar.

"Ina za ki?" in ji Faisal.

"Nan kusa."

Na hau da ita kan rami na kashe. Na sauko na kama hannun Dassin.

"Inna Dassin, ke za ki riƙa zama a bayan motar nan da matan mutane. Zo ki ga abin da za ki zauna a kai."

"Zuwaira!" Yaya ya daka mini tsawa. Ban waiga ba.

Muka sauka matakalar, Amumun ya biyo mu. Na haska tocila. Ban yi dogon bayani ba, tsagar ta yi da kanta. Amumun ya sa yatsa a ciki, yatsan ya shige har gaɓa. Ya juya ɗaya gefen ya sake sawa.  Dassin ta tambaye shi wani abu da Tamajak, yarensu, ya amsa da kalma biyu, ta dafe ƙirji.

Da muka fito, dattijon ya dubi fuskar Amumun kawai, ya mayar da tsirkiya ya ɗaure jakarsa.

Faisal ya cire tabarau. "Wannan sharri ne! Ita ta fasa da guduma! Na ƙi ba ta abin da ta nema ne, shi ya sa!"

"Tsatsa yana cikin tsagan," in ji Amumun, bai ɗaga murya ba. "Tsatsa ba ya fitowa a kwana biyu." Ya ajiye kwalbar lemon da ba a buɗe ba a kan tabarma, kusa da ƙafar Faisal. "Mun gode da shayi."

Faisal ya juyo kaina, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ke! Ƴar bakanike! Ni na ɗauko ki daga cikin baƙin mai zan mai da ke mutum, shi ne za ki tozarta ni gaban buzaye? Mata nawa ke layi a kaina a garin nan?"

Na ce, "To ka je ka sallame su, kada rana ta dake su. Ga makullinka. Ka bi a hankali wajen kwalbatin gidan mai, kada Zaki ya rabu biyu a tsakiyar kasuwa."

Masu shagon gefe da suka taru suka fashe da dariya. Ya fizgi makulli, ya hau, ya yi baya da ƙarfi har ya ture butar shayin Yaya. Amma na lura, da ya iso kwalbatin, a hankali ya bi.

Kafin su tafi Dassin ta kama fuskata da hannayenta biyu, har shuni ya ɓata mini kumatu. "Ba ka san matan da ka ceta ba," ta ce. "Ni na san su, da sunansu." Amumun ya shiga pikop, sannan ya leƙo. "In wani mota ya samu, mai gaskiya, ke za ki duba mana. Lambana yana wurinki."

Kada ku ɗauka an yi mini guɗa a gida. Inna ta shiga ɗaki ta ja labule. Yaya ya tattara kofunan shayinsa, ya tsaya a kaina.

"Kin ji daɗi? Kin ceci ƴaƴan wasu. Nawa kuma su ci me? Gaskiyarki?"

Ya juya ya shige ɗakinsa. Ranar Juma'a ba wanda ya yi mini magana sai Baba. Abincina ma a bakin ƙofa na tarar da shi, an rufe da faifai, kamar na mai ƙyanda. Na goge tallar daga duk inda na saka, na rubuta a gurup ɗin dillalai cewa duk wanda aka kawo wa baƙar V8 mai sunan Zaki ya hau da ita rami kafin ya yi ciniki. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Asabar da safe ina shara, Sa'a matar Yaya ta fito da fara'a har kunne, tana goye da autarsu.

"Zuwaira, albishirinki! Yayanki ya samu aiki. Tun asuba suka tafi."

Tsintsiya ta tsaya a hannuna. "Aikin me?"

"Tuƙi mana. Faisal ne ya kira shi jiya. Ashe mutumin kirki ne, duk abin da kika yi masa bai riƙe mu ba. Har kuɗin cefanen wata ya bar mana."

Ban gama jin ta ba salulata ta yi ƙara. Faisal. Hoto ne. Zaki ce a tsaye a bakin gari, wajen da kwalta ke ƙarewa. An cire kujerun baya, mutane cunkushe a ciki, na ƙirga kai tara. A kan rufi an ɗaure injin fasa dutse da buhunan shinkafa, a baya durom biyu na ruwa. Bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa taya. A wurin direba ga Yaya Habibullahi, da sabuwar hularsa, yana dariya, ya ɗaga babban yatsa.

A ƙasan hoton ya rubuta: "Tunda ba ta sayuwa, sai ta yi aiki. Yayanki ya ce walda ta fi sabon ƙarfe. Cibarakaten ba nisa. Ni ina gida ina hutawa, ma sheri."

Na kira Yaya. Ba ta shiga. Na sake, na sake. Sun riga sun fita inda rezon salula yake.

Na ruga garaji, ɗankwalina a hannu. Baba ya ji gudun ƙafata ya ɗago.

"Lafiya?"

Na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi.

"Da kaya?"

"Da kaya, Baba. Da mutum tara."

Ya miƙe tsaye, ya lalubi bango. 

"Awa nawa da tashinsu?"

"Uku."

"Da wannan nauyin ba za su yi gudu ba. Rairayi ne har su kai duwatsu, a rairayi za ta jure. Duwatsun ne abin tsoro. Wa kika sani da ya san hanyar nan?"

Na nemo lambar Amumun. Bugu biyu ya ɗauka. Ban ko yi sallama ba na zazzage masa komai, ina haɗa magana da kuka. Ya saurara har na gama. Na ji ya yi wa wani magana da Tamajak, na ji an buga ƙofar mota.

"Akwai hanyan da ya fi nasu gajarta," in ji Amumun. "Amma yayanki bai san ni ba, ba zai tsaya mini ba. Sai da wanda zai ji maganansa."

Na waiga. Inna tana tsaye a ƙofar garaji, ba mayafi, ba takalmi, ta ji komai. Kwana biyu ba ta dube ni ba. Yanzu ta dube ni, ta juya cikin gida da gudu, ta dawo da jarkar ruwa da mayafai biyu. Ta cilla mini ɗaya.

"Ce masa mu biyu ne," ta ce.